Haɗa Sabar Gida a Kan Madabod ɗin Kwamfutar Manyan Ayyuka da Gano Matsalolinta: Nazari Daga Yanayin Zuru

Takardar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani na malamai da ɗalibai da masu gyaran kwamfuta a Zuru, Jihar Kebbi

Tsakure

Wannan takarda ta duba yadda ake haɗa saba ta gida, wato kwamfutar da ke kwana a kunne tana ajiye fayiloli tana yi wa sauran na'urori hidima, a kan madabod ɗin tsofaffin kwamfutocin manyan ayyuka irin su HP Z440 da Dell Precision T5810. An ɗauki garin Zuru a matsayin fagen nazari. Matsayar takardar ita ce, a gari irin namu wutar lantarki da zafi da ƙura su ne ke ƙayyade tsawon ran saba fiye da ƙarfin furosesa, saboda haka haɗawa da gyara duka ya kamata su faro daga soket ɗin bango su ƙare a manhaja. Takardar ta kawo alfanun irin wannan allo da aibinsa, da lissafin wutar da yake ci, da matakan haɗawa, da jerin matsalolin da aka fi cin karo da su tare da hanyar gano kowace.

1.0 Gabatarwa



Zuru gari ne da ke tara bayanai fiye da yadda yake adana su. Tun da aka kafa Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a nan a shekarar 2020, malamai da ɗalibai ke ta samar da sakamakon gwaje-gwajen gona da kundayen bincike. Makarantun sakandare na da rajistar ɗalibai da sakamakon jarrabawa. Shagunan buga takardu na horar da yara jarrabawar JAMB ta kwamfuta. Masu ɗaukar bidiyo na da hotunan bukukuwan aure da na Uhola na shekara da shekaru, masu nazarin harshe kuma na naɗar muryoyin dattawa cikin C'lela. Galibin wannan dukiya tana zaune ne a wayar hannu da filash da katin memori, waɗanda ke ɓata ko lalacewa dare ɗaya.

Wani zai ce a ɗora komai a intanet mana. Abubuwa uku da suka faru a idonmu sun isa su sa mutum ya yi wa wannan shawara kallo na biyu. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a maƙwabciyarmu Zamfara na tsawon makonni saboda matsalar tsaro. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi suka shiga wani hali. A Janairun 2025 kuma hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farashin kira da data. Makarantar da darasinta ke cikin ɗakinta ba ta jiran sabis, ba ta kuma sayen data sau talatin don yara talatin su kalli bidiyo ɗaya.

An gina wannan nazari a kan aikin hannu na haɗawa da gyaran irin waɗannan injuna, da littattafan da kamfanonin suka fitar, da binciken da masana suka wallafa kan lalacewar RAM da faifan ajiya.

2.0 Dalilin Zaɓen Wannan Allo

Kwamfutar manyan ayyuka ita ce wadda aka ƙera wa injiniyoyi da masu zanen gini da masu haɗa fim. HP Z440 da Dell Precision T5810 da Lenovo ThinkStation P500 duk sun fito ne a 2014, suna amfani da furosesan Intel Xeon E5 na zubi na uku, wasunsu daga baya har na huɗu, a kan soket LGA 2011-3 da cifset C612. Kamfanonin Turai da Amurka sun sauke su da yawa, balle da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, alhali Windows 11 ba ta sa waɗannan furosesoshi cikin jerinta ba. Ta haka suke gangarowa Computer Village da ke Ikeja, su iso kasuwannin Kano da Kaduna a matsayin kayan tokumbo.

Abu na farko da ya fifita su shi ne RAM mai gyara kuskuren kansa, wanda ake kira ECC. Idan ƙwayar bayani guda ta juye, shi zai gyara ta ya kuma rubuta cewa ya gyara; idan biyu ne, zai gano ya sanar. A 2009 Bianca Schroeder ta Jami'ar Toronto da wasu injiniyoyin Google biyu sun wallafa nazarin sabobin kamfanin na tsawon shekara biyu da rabi. Sun gano fiye da kashi 8 cikin ɗari na sandunan RAM na samun kuskure a kowace shekara, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na injunan na fuskantar aƙalla kuskure ɗaya a shekara. Wannan a ɗakuna masu sanyi da wuta tsayayya ke nan. A kwamfutar ofis ta yau da kullum irin wannan kuskure yana wucewa ne shiru, ya gurɓata fayil ba wanda ya sani.

Na biyu shi ne fili. Z440 na da gurbin RAM takwas da ke ɗaukar har gigabait 128, furosesan kuma na da layin PCIe 40, wanda ya isa a sa katin faifai da katin netwok da faifan NVMe a lokaci guda. Furosesa kamar E5-2680 v4 na da ƙwayoyin aiki 14, abin da ya isa a raba injin gida-gida: ɓangare na ajiyar fayil, ɓangare na darussa, ɓangare na gwajin ɗalibai.

Aibin kuma a fili yake. Waɗannan furosesoshi ba su da sashen hoto a cikinsu, dole a sa katin hoto ko da saba ba ta buƙatar sikirin. Allunan HP da Dell na da mahaɗin wuta irin nasu na musamman, akwatin wutar kasuwa ba ya shiga sai da adafta, shi ya sa sayen injin ɗungurungum ya fi sayen allo tsirara. Ba su da IPMI, wato ƙaramar kwamfutar da ke kan allunan saba irin Supermicro X10SRL-F wadda ke ba mutum damar kunna inji da ganin BIOS, wato shafin saitin allon, daga nesa. Akwai kuma allunan da ake tallatawa da sunan X99 a farashi mai rahusa, waɗanda da dama aka haɗa da cifset ɗin da aka ciro daga tsofaffin kwamfutoci. Suna karɓar RAM na ECC su yi aiki, amma ba kowanne ke gyara kuskuren ba. Babban aibin dai shi ne cin wuta.

3.0 Lissafin Wuta Kafin Sayen Allo

Manomin Zuru ba ya fara rumbu daga jinka. Duwatsun da za su ɗaga shi daga ƙasa yake fara jerawa, don ya san gara da danshi daga ƙasa suke shigowa. Wutar lantarki ita ce waɗannan duwatsu ga saba.

Mu ɗauka inji da faifai biyu da rauta suna cin wat 80. A awa 24 wat-awa 1,920 ke nan, kusan yunit 2 a rana, kusan yunit 58 a wata. Idan aka auna da farashin naira 225 kan yunit da hukumar NERC ta sanya wa rukunin Band A a Afrilun 2024, kuɗin ya kusa naira 13,000 a wata. Amma a nan tambayar da ta fi damunmu ita ce wa zai riƙe injin idan wutar Kaduna Electric, mai raba wa Kebbi da Sakkwato da Zamfara da Kaduna, ta ɗauke. Janareta ba amsa ba ce tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023. Abin da ya rage shi ne sola da batir.

Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 na riƙe wat-awa 2,400 a takarda. Idan na dalma ne, rabin wannan kawai ake ja in ana so ya daɗe, saura 1,200. Inbata ta ci nata kamar kashi 15 cikin ɗari, saura kusan 1,000. Wannan zai riƙe wat 80 na awa 12 zuwa 13, bai kai daga faɗuwar rana zuwa lokacin da sola ke fara caji sosai da hantsi ba. Ke nan batir biyu ake buƙata, ko na litiyam mai jure jan da ya fi haka. Faifan sola kuma, in aka ƙiyasta awa 5 na rana mai ƙarfi, sai ya kai wat 500 kafin ya ciyar da inji ya cika batir, tare da ƙarin rara domin hadarin watan Agusta da hazon hunturu. Sau da yawa kuɗin wannan tsari ya zarce kuɗin kwamfutar kanta.

Daga nan ne mutum zai yanke hukunci da idon basira. Wanda buƙatarsa ajiye takardu ce kawai da raba wa mutum goma, ƙaramar kwamfuta mai furosesa Intel N100 da ke cin kamar wat 10 ta ishe shi, kashi ɗaya cikin takwas na wancan lissafi. Allon manyan ayyuka ya dace ne da wanda ke buƙatar faifai da yawa, ko RAM mai yawa, ko ajiyar da ba ta jure gurɓacewa, ko ɗakin koyar da ɗalibai sarrafa saba. Shi ma yana iya rage cin wutar: ya sa katin hoto mafi ƙanƙanta marar fanka, ya kunna saitin barcin furosesa a BIOS, ya zaɓi manyan faifai biyu maimakon ƙanana shida, tunda kowane faifai mai juyawa na cin wat 5 zuwa 8.

Sharuɗɗa uku ba a sassauta su. Inbata ta zama mai fitar da tsabtatacciyar wuta irin ta NEPA, don akwatunan wutar waɗannan injuna ba sa jituwa da wutar inbata mai araha mai tsalle-tsalle. A kafa wayar ƙasa ta gaskiya da sandar ƙarfe mai jan tagulla, a inda ƙasa ke riƙe danshi. A kuma sa na'urar kare tsawa, saboda daminar Zuru ta fi ta arewacin jihar ƙarfi, kuma aradu ba sai ta faɗo kan gida take ƙona allo ba.

4.0 Matakan Haɗawa

Wajen saye, kada a biya sai an ga inji ya tashi. A shiga BIOS a duba sunan furosesa da adadin RAM da lambar zubin BIOS ɗin, a tabbatar ba a kulle shi da kalmar sirri ba. A cire furosesa a haska soket da tocila: fil 2,011 ne a ciki, ɗaya ya lanƙwashe yana iya kashe gurbin RAM biyu. Wanda ke son sa furosesa na zubi na huɗu ya fara sabunta BIOS da tsohon furosesan na zubi na uku a ciki, kuma a kan batir cikakke, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar wannan aiki na iya kashe allon.

RAM iri-iri ne ko da bakinsu ɗaya. Mai rajista, wanda ake gane shi da harafin R a lambarsa kamar PC4-2133P-R, ba ya haɗuwa da na kwamfutar ofis, ba ya kuma haɗuwa da nau'in LRDIMM. Jerin gurbin da za a fara cikawa na nan a zane a jikin murfin injin daga ciki. A bi shi. Sanduna huɗu iri ɗaya sun fi dacewa, tunda furosesan na da hanyoyi huɗu zuwa RAM. Bayan sawa, a bar manhajar Memtest86+ ta kwana tana gwaji kafin a ɗora komai.

Faifan ajiya shi ne inda bai kamata a yi rowa ba. Babbar manhaja ta zauna a ƙaramin SSD nata daban, bayanai kuma a faifai biyu masu kwafin juna. A nemi nau'in CMR, a guji SMR mai rubutu a kan layuka masu hawan juna. A 2020 an yi ta ƙorafi a duniya bayan an gano ana sayar da irinsa a matsayin faifan saba, yana kuma jan ƙafa ko ya faɗi lokacin sake gina ajiya. Idan faifan na hannu ne, manhajar smartctl za ta faɗi awannin da ya yi yana aiki da adadin gurbin da suka lalace. Lambobi 5 da 197 da 198 su ne abin dubawa; in ɗaya ya wuce sifili, a mayar wa mai shi.

A ɓangaren manhaja, Proxmox VE, wadda aka gina a kan Debian, kyauta ce kuma tana raba inji zuwa kwamfutoci da dama. TrueNAS ta fi sauƙi ga mai son ajiya zalla. Dukansu na amfani da tsarin ZFS, wanda kamfanin Sun Microsystems ya fitar a 2005, mai sa wa kowane gutsuren bayani hatimi ya riƙa duba shi. Idan aka ƙara katin faifai irin LSI 9211-8i, a sa shi a yanayin IT don ZFS ta ga faifan kai-tsaye, a kuma ɗaura masa ƙaramar fanka, saboda an ƙera shi ne don akwatin saba mai iska da ƙarfi. A kan wannan tushe sai a ɗora abin da jama'a za su amfana da shi: Kiwix mai ɗauke da Wikipedia ta Hausa da ta Turanci ba tare da intanet ba, Kolibri ko Moodle domin darussa, Nextcloud domin fayiloli.

Saiti biyu na ƙarshe su ne suka fi muhimmanci a wurinmu. A BIOS a zaɓi cewa inji ya kunna kansa da zarar wuta ta dawo. Sannan in inbata ko UPS na da kebul ɗin sadarwa, a haɗa ta da manhajar NUT don saba ta rufe kanta cikin tsari kafin batir ya ƙare.

5.0 Gano Matsala

Ƙa'idar ɗaya ce: a bi jeri daga wuta zuwa zafi zuwa RAM zuwa faifai zuwa manhaja, a canza abu ɗaya a lokaci guda, a rubuta abin da aka canza. Mai gyaran da ya sauya RAM da kebul da manhaja a zama ɗaya, ko inji ya tashi bai san abin da ya warkar da shi ba, kuma gobe ciwon zai dawo.

5.1 Inji bai motsa ba, ko ya tashi babu hoto

A fara da mita a soket. An ƙera akwatin wutar ya karɓi bolt 100 zuwa 240, amma wutar da ke lilo sama da ƙasa kan sa ya kare kansa ya ƙi tashi. A zare waya na minti ɗaya a sake. Idan fankoki na juyawa sikirin na baƙi, a yi haƙuri tukuna. Bayan an taɓa RAM allon kan ɗauki minti ɗaya ko fiye yana daidaita kansa da sandunan, kuma da yawa kan kashe shi a wannan gaɓa su ce allo ya mutu. In shirun ya yi tsawo, a saurari ƙara a ƙirga ƙiftawar jar fitila. A Z440 huɗu na nufin matsalar wuta, biyar RAM, shida katin hoto. A cire komai a bar furosesa da sandar RAM ɗaya da katin hoto, sannan a riƙa mayar da sauran ɗaya bayan ɗaya har mai laifin ya bayyana.

Wata matsala ta allunan kamfani ita ce tsayawa a farkon tashi suna jiran a danna F1 saboda ba su ji motsin wata fanka ba. A tebur wannan ƙaramin abu ne. Ga sabar da ake so ta tashi da kanta da ƙarfe uku na dare, yana nufin ba za ta tashi ba. Maganinsa a mayar da fanka mai wayar da ke sanar da allo gudunta.

5.2 Inji na sake tashi da kansa

Wani shagon buga takardu ya yi fama da wannan. Inji na aiki lafiya, sai kawai ya mutu ya tashi. An sauya RAM, an sake ɗora manhaja, har an fara maganar sayen wani allo. Da aka buɗe kundin da Linux ke rubuta abin da ya faru, babu ko layi ɗaya na ƙorafi kafin mutuwar. Rubutu na tafiya sai ya yanke. Inji da ya mutu bai ce komai ba, wuta aka zare masa. Da aka gwada lokutan da mai shago ya ce yana faruwa, sai suka dace da lokacin da fankar silin ke ɗan sassautawa, wato lokacin ɗauke wuta. Akwatin wutar kwamfuta na iya jure yankewar kamar milisakan 16 ne kawai. Inbatoci da yawa na da saiti biyu: na kayan gida mai ɗaukar kusan milisakan 20 kafin ya koma batir, da na UPS mai ɗaukar kusan 10. Firiji da talabijin ba sa jin wannan bambanci, saba kuwa tana ji. Aka sauya saitin, matsalar ta kau ba a sayi komai ba.

Idan kuwa kundin ya nuna ƙorafin RAM, manhajar rasdaemon za ta faɗi gurbin da kuskuren ke fitowa. A musanya wa sandar gurbi. In kuskuren ya bi ta, ita ce; in ya tsaya a gurbin, a duba ƙura ko fil ɗin soket. A nan ne ECC ke biyan kuɗinsa, don yana nuna ciwo tun bai kwantar da inji ba.

5.3 Zafi da ƙura da ƙwari

Daga Maris zuwa Mayu zafi kan kai digiri 40 a inuwa, ɗaki mai kwano marar silin kuma ya wuce haka. Furosesa na kare kansa ta rage gudu, sai a ga saba ta yi nauyi da azahar ta warware da dare. Faifai da batir ba su da wannan dabara. Ana so faifai ya zauna ƙasa da digiri 45, batir na dalma kuwa ransa na raguwa da kusan rabi a duk ƙarin digiri 10 sama da 25. A ajiye su a ɗaki mafi sanyi, a ɗaga inji daga ƙasa, a bar masa fili gaba da baya. Man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya, a injin da ya haura shekara goma, ya riga ya bushe ya zama gari. A goge a sa sabo.

Wanda ya buɗe inji bayan hunturu zai tarar da jar ƙura ta dunƙule tsakanin haƙoran ƙarfen sanyaya har ana iya ɓaro ta da yatsa falle guda. Ita kaɗai ba ta cika kashe allo ba, sai damina ta sauka ta sha danshi ta fara ɗaukar wuta. Don haka a busa inji da bulowa kafin ruwan farko, a riƙe fanka da yatsa kada iska ta juya ta fiye da kima. A sa raga a bakin shigar iska, wadda za ta kuma hana tsaka shiga akwatin wuta da zanzaro gina ɗakinsa a ramukan baya. Busasshiyar iskar hunturu na tara wuta a jikin mutum, irin wadda ke tartsatsi a bargo da dare; a taɓa ƙarfen akwatin kafin a taɓa RAM.

5.4 Faifai

Sabon faifai da ya ƙi juyawa ba lallai ne ya mutu ba. Wasu faifan zamani na ɗaukar wutar bolt 3.3 da ke fil na uku na mahaɗin SATA a matsayin umarnin kashe kansu, tsofaffin akwatunan wuta kuma na tura ta kullum. A rufe fil ɗin da siririn tef ko a bi ta adafta marar wannan waya. Faifan da ke ɓacewa ya dawo, a fara zargin kebul, lamba 199 a smartctl za ta tabbatar. A sa ZFS ta duba ajiya gaba ɗaya sau ɗaya a wata. Binciken Google na 2007 a kan faifai fiye da 100,000 ya nuna wanda ya nuna kuskuren duba na farko ya fi sauran yiwuwar mutuwa cikin kwana 60 har sau 39. Binciken ya kuma nuna kashi 36 cikin ɗari na waɗanda suka mutu ba su ba da wata alama ba. Saboda haka faifai biyu masu kwafin juna ba su wadatar ba, don tsawa ɗaya ko ɓarawo ɗaya na tafiya da su tare. A riƙe kwafi uku, a na'ura iri biyu, ɗaya a wani gida daban.

5.5 Netwok da agogo

Katin netwok na kan allon Z440, Intel I218, kan daskare idan zirga-zirga ta yi yawa a ƙarƙashin Proxmox. Ana magance shi da kashe saitin TSO da GSO ta manhajar ethtool, ko a sa wani katin. Kebul ɗin netwok da aka ja a sama daga gini zuwa gini hanya ce ta tsawa. A yi amfani da faiba ko rediyo. Shiga saba daga waje ta layin MTN ko Airtel ko Glo, har da Starlink da ta fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023, yakan gagara saboda mutane da yawa ke raba adireshin intanet ɗaya. Tailscale, da aka gina a kan WireGuard, na warware wannan ba tare da buɗe wa duniya ƙofa ba.

A ƙarshe akwai ɗan batir CR2032 mai bolt 3 da ke kan allo. A inda wuta ke tsaye ba ya wahala, a nan kuwa shi ke riƙe agogo da saiti duk lokacin da wuta ta yanke wa inji. Idan ya mutu, kwanan wata ya koma baya, shafuka su ƙi buɗewa, saitin kunna kai ma yana iya gogewa. A canza shi ranar da aka sayi inji.

6.0 Shawarwari

Na ɗaya, duk makaranta ko asibiti ko shagon da zai kafa saba ya fara da auna wutar da za ta ci, ya sa kuɗin sola da batir da wayar ƙasa cikin kasafin farko.

Na biyu, a ajiye littafi kusa da inji, a rubuta kwanan wata da duk abin da aka taɓa da duk lokacin da ya mutu. A horar da mutum biyu aƙalla, kada sanin kalmar sirri ya tsaya a kan mutum ɗaya da za a iya yi wa canjin wurin aiki.

Na uku, a ɗaure kula da inji da yanayin shekara: shara bayan hunturu, duba zafi a bazara, duba wayar ƙasa kafin damina.

Na huɗu, mai riƙe bayanan ɗalibai ko marasa lafiya ya san Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta hau kansa. Ya kulle faifai da lambar sirri, ya ƙayyade masu shiga.

Na biyar, manyan makarantun yankin su samar wa ɗalibai irin waɗannan injuna su kwance su ɗaura da hannunsu, su kuma jawo masu gyara na kasuwa cikin horon.

7.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa allon kwamfutar manyan ayyuka na iya zama tushen saba mai aminci a Zuru, saboda RAM ɗinsa na gyara kuskure yana kuma faɗin inda ciwo yake, kuma yana da filin faɗaɗawa. Ta nuna wannan aminci na da sharaɗi: tsayayyar wuta da aka yi lissafinta, ɗaki mai iska, da mai kula da ke bin jeri wajen gano matsala. Inda buƙata ƙarama ce, ƙaramin inji ya fi dacewa. Aikin da ke gabanmu shi ne masu sabobi a Zuru da Fakai da Sakaba da Danko-Wasagu su fara auna wutar da injunansu ke ci da zafin da suke kaiwa a kowane wata, su rubuta, su kawo wa taro irin wannan. Da waɗannan alƙaluma ne za mu iya faɗa wa makaranta ko asibiti girman batir da irin injin da ya dace da ita kafin ta kashe kuɗinta.